Yagaggiyar Kusurwa

Gundala,
saura kwana goma sha takwas a shiga Nawaratri, bikin dare tara

Taruben,

Jai Mataji. Ina gaishe ki, ina fatan kina lafiya, da maigidanki Harsukhbhai, da 'yarki Minal, da surukarki, da sabon firjin nan naku da har shanun Gundala sun ji labarinsa. Mu nan lafiya, in ban da gwiwata da ke ƙara in zan tashi. Ruwa ya ɗauke, gyaɗa ta yi kyau, an fara shafa wa ɗakin bautar Mataji farar ƙasa.

Ko da kin manta rubutun, Jasumati ce, malamar makarantar 'yan mata, wadda kakanta da naki suke 'ya'yan wa da ƙani. Na san a Bombai ba a kiran wannan zumunci, amma a nan har yanzu ana gaisawa da shi. Wannan ce wasiƙata ta uku tun farkon damina. Da ban ga amsa ba sai na ce wataƙila a can an daina sayar da tawada.

Babulal direban babbar mota zai kawo miki ƙullin alkamar da kike shukawa a gaban Mataji, kamar kowace shekara. Gara ki san yadda aka same ta. Kwana uku Gwaggo Kanku ta yi tana tsince ta ƙwaya-ƙwaya, faifai a cinya, hancinta kusan a cikin faifan don ido ya tafi. Na ce, "Gwaggo, ki huta, a Bombai ma ana sayar da alkama." Ta ce, "Ta Bombai ba ta san hannuna ba. Ke je ki koya wa yara biyu da biyu, ki bar min aikina."

Ga abin da ya sa na ɗauki biro. Gwaggo ta faɗi a bakin rijiya wata guda ke nan, tun daga ranar ba ta miƙe ba. Ƙafafunta sun kumbura, takalmi ba ya shiga. Likitan garin Gondal ya zo ya saurari ƙirjinta, ya ja ni waje, ya ce zuciyar ta gaji, ba abin da allura za ta ƙara mata.

Ta sa an juya mata gado ya fuskanci ƙofa, inda ake hango hanya. Da motar ƙarfe huɗu ta yi oda sai ta ɗago kai ta ce in faɗa mata masu sauka. In ce mai tallan yadi, matar maƙeri da buhunta, ɗan sanda. In motar ta tashi sai ta ce, "Taru tana da aiki," kamar wani ya tambaye ta.

Ni ba ta goye ni ba. Katanga muka haɗa, sai ɗan ɗigon jinin nan. Ke ce ta ɗauka kina shekara huɗu ranar da aka fitar da uwarki, ke ta yi wa kitso, madarar saniyarta ce ta yi miki kayan aure. Amma ni ke zubar mata da fo da sassafe kafin in tafi makaranta. Ba gori nake miki ba. Kai, gori ne ma, mene ne na ɓoyewa.

Ki zo. Ba sai kin ɗauro sari mai zaren zinare ba: ita ba ta gani, ni kuma ba ya burge ni.

'Yar uwarki, in kin yarda,
Jasumati

*

Bombai,
saura kwana biyar

Malama Jasuben,

Jai Mataji. Muna lafiya. Baban Minal yana ta fama da shago, kin san lokacin biki kowace mace tana son sabon sari. Minal ta yi tsawo, ta kusa kamo ni. Firji ma yana gaishe ki, ya ce ya gode da kika tuna da shi. Ki yi haƙuri da gwiwar, tsayuwa gaban allo shekara ashirin ba wasa ba, balle babu mai shafa miki mai.

Alkama ta iso. Wasiƙarki ma ta iso, na juya bayanta ina neman inda kika saka min maki da jan biro.

Jasuben, shekara nawa Gwaggo take mutuwa a cikin wasiƙunki? Bara waccan tari ne zai kashe ta. Bara kika rubuto cewa ba za ta ga bikin Diwali ba. Na bar gida a hargitse, na kwana na wuni a jirgin ƙasa ina kuka har wata mata ta ba ni ruwa, na sauka daga motar nan taku mai warin awaki, na tarar da Gwaggo a kan tsani tana shanya barkono. Ce min ta yi, "Lafiya? Wa ya mutu?" Ke kuwa kina tsaye kina gyara tabarau, ko kunya. To bana ki nemi wani ki yi wa ihu.

Kuma ke da kika san komai, kin san wace shekara ce wannan. Lokacin da sanƙarau ya kama Minal tana shekara uku, wuyanta ya sandare, likitoci suka fara kallon ƙasa, wa ya zo Bombai? Ba ke ba. Gwaggo ce ta zo da garbo a naɗe cikin tsumma, tukunyar nan tata mai huji-huji, ta ɗora min a hannu ta sa na yi wa Mataji alkawari: shekara tara, duk Nawaratri, fitila a cikin garbo dare tara ba ta mutu ba, hannuna ne zai zuba mata man shanu, ba zan kwana a wani gida ba. Kwana uku da alkawarin yarinya ta nemi ruwa. Takwas sun wuce, wannan ce ta tara. Ke ki kira shi camfi, kin yi karatu. Ni 'yata ce a kan sikeli, kuma ba zan ɗaga ƙafa daga gidan nan ba.

Ba ki ga abin da ya samu Kokilaben ta hawa na biyu bara ba. A rana ta uku labari ya iso cewa wani ƙanin surukinta ya mutu a Surat, mutumin da bai taɓa sanin lokacin yin abu ba tun yana da rai. Kunne ya ji, sutak, dauɗar makoki, ya hau gidan, dole ta janye hannu daga fitila, alkamarta ta bushe a kasko. Shekara biyar na alkawarinta suka bi ruwa. Tun daga nan in wayar shago ta yi ƙara a kwanakin nan gabana faɗuwa yake.

Bana kuma a farfajiyarmu za a yi rawar garba, garbona ne zai zauna a tsakiyar fili. Ba irin taku ba, mata goma sha biyu da ganga ɗaya mai tari. An yi hayar lasifika.

Saboda haka bayan Diwali zan zo, in zauna sati guda. Na ba Babulal mayafin ulu ya kai mata. Ki daina wahalar da ɗan gidan waya. In gaya miki gaskiya, wasiƙunki a kan firji nake ajiye su, sai na samu sarari, wani lokaci sati biyu, tunda na riga na san wa'azin da ke ciki.

Ki taɓa min ƙafafun Gwaggo, ki ce Taru tana neman albarka.

Tarulata

*

Gundala,
ranar farko ta Nawaratri

Taruben,

Sauke numfashi. Gwaggo ba ta mutu ba.

Na san abin da kika ji da kika ga kusurwar takardar nan a yage. Na san kin tsaya a waje kamar yadda ake yi, ba ki shiga da ita gida ba. Ni na yage ta, da gangan, a gaban akwatin gidan waya. Na san ba a yage kusurwa sai an fitar da gawa, kuma da uwata tana da rai da ta mare ni. Amma ke kika ce wasiƙuna a kan firji suke sati biyu. Gwaggo ba ta da sati biyu. Na so in buga tangaraho, sai na tuna shagon mijinki zai je, shi kuwa na san aljihun da zai saka shi har ya gama sayar da sari.

Jai Mataji, tunda ana gaisuwa. Muna lafiya. Mayafi ya iso, ta shafa shi ta ce yana da laushi, ta sa na ninke shi na ajiye don kada ya yi datti.

Bara na yi kuskure, na yarda. Bana ba tsani. Kwana biyu ke nan ba abin da ya shiga cikinta sai ruwa a cokali. Numfashinta ana jin sa daga ɗakina. Yau da safe ta ce in shuka mata alkama a kasko in kunna fitila, ni da rabona da waɗannan abubuwa tun ina 'yar makaranta. Na yi. Ta ce na zurfafa irin da yawa, hannuna na alli ne kawai.

Na je wurin Maharaj mai kula da ɗakin Mataji, ni Jasumati da ƙafata, na tambaye shi batun alkawarinki. Ya ce in larura ta kama, kowace mace ta gidan tana iya riƙe fitila, surukarki ko Minal ɗin kanta. Ya ce Mataji uwa ce, ba za ta yi fushi da wadda ta tafi wurin uwa ba. To ga hujja daga cikin littafinku, ba daga nawa ba. Abin da ya rage shi ne lasifika da matan benenku, da wadda za ta tsaya kusa da garbo ana kallon sarinta. Idan wannan ne, ki faɗa, in daina ɓata tawada.

Takardar nan za ta same ki rana ta huɗu. In kin hau jirgin yamma, motar ƙarfe huɗu ta rana ta biyar za ta sauke ki. Na gaya wa Gwaggo kina tafe. Ta sa na wanke mata kai.

Jasumati

*

Bombai,
rana ta huɗu

Jasuben,

Jai Mataji. Muna lafiya, kowa lafiya. Ina fatan gwiwar ta yi sauƙi.

Ban ga wata wasiƙa daga gare ki ba tun waccan. Ba abin da ya zo. Kin san gidan waya a lokacin biki, sai a hankali. Na dai ce bari in rubuto don kada ki ce ba na rubutu.

Fitila tana ci, ko rawa ba ta yi ba. Ina tashi sau uku in gyara lagwani. Alkamar ta fito kore shar, ta kai tsawon ɗan yatsa, ba rawaya ko ɗaya. Kokilaben ta leƙo ta gani, hassada ta hana ta cewa ta yi kyau, sai ta ce wai kaskon ne mai kyau. Na ce mata ba kasko ba ne, hannun da ya tsince irin ne. Duk Bombai ba mai irin hannun nan. Gwaggo takan ce alkama tana jin wanda ya taɓa ta.

Rawar garba tana ta tafiya. Lasifikar da na ba ki labari ƙara kawai take, ba a jin waƙa. 'Yan matan yanzu ba su iya juyi ba, tsalle suke kamar an zuba musu tururuwa a zani, iyayensu mata kuma ba Mataji suke kallo ba, wuyan juna suke kallo don ƙirga sarƙa. Ni ɗazu zagaye ɗaya na yi na hau sama. Wata tsohuwa ce ta ɗauko waƙar nan ta 'yar da ke roƙon a zo a ɗauke ta ta je gida biki, wadda Gwaggo ke yi in tana niƙa. Hayaƙin turare ya shigar min ido.

Yau na yi wa Shanta mai aikinmu tsawa har surukata ta fito. Ta je za ta ɗaga garwar shinkafa wai za ta share ƙarƙashi. Shekara uku ba ta taɓa share wurin ba sai yau tsafta ta motsa mata. Na ce ba mai taɓa garwar nan, azumi muke, wa ke cin shinkafa?

Jasuben, duk abin da ya kamata a yi a can, ki yi shi yadda ya kamata. Na san halinki, komai sai kin ce camfi ne, komai sai kin rage. Kada ki rage komai. A kira Maharaj, a yi abin da ya ce, ba abin da littafin aji biyar ya ce ba. Ina nufin bikin.

Kada ki rubuto min sai an wuce Dasara, rana ta goma. Ba ni da lokacin karatu. Saura dare biyar, biyar kacal.

Tarulata

*

Bombai,
ranar Dasara, rana ta goma

Jasumati,

Ba gaisuwa. Ba ki ci gaisuwa ba.

Yau da safe muka kai alkama da garbo bakin teku. Fitila ta cika dare tara, shekara tara sun cika, Minal tana tsaye kusa da ni da ƙafafunta. Na dawo, na cire jan sari na ɗaura fari na makoki, na tuɓe awarwaro, na ɗaga garwar shinkafa na ɗauko takardarki, na fita matakala na zauna. Na buɗe don in karanta ranar da uwata ta mutu. Sai na ga "sauke numfashi."

Ke wace irin halitta ce? Kwana shida! Kwana shida ina binne da ita a ƙirji ba halin in yi kuka. Na ga kusurwar tun a hannun ɗan gidan waya. Ban karanta ba, don muddin ido bai karanta ba, kunne bai ji ba, sutak bai shigo ba, fitilar 'yata tana da tsarki. Na cusa ta a ƙarƙashin garwa na fita na yi tafi a fili. Na wanke ƙafafun yara tara a rana ta takwas ina yi musu murmushi, na zuba musu abinci, ina tunanin wa ya riƙe mata kai, wa ya ɗiga mata ruwan kogin Ganga a baki. Kowace safiya ina roƙon Mataji ta yafe min ƙaryar, ina roƙon Gwaggo ta yafe min rawar. Ashe wata malamar firamare ce ta zauna da tabarau tana gwada dabara a kaina.

Kuma a kan me? A kan firji! Kin haddace nahawu kin kasa gane magana. Na faɗa ne don in ƙona miki rai, kamar yadda kike ƙona min nawa. Ban taɓa ajiye wasiƙarki ko awa ɗaya ba. A matakalar nan nake buɗe su kafin in shiga gida, in tsallake wa'azin in nemi sunanta, don ke kaɗai ke ba ni labarinta. Amsar ce ba na yi, saboda duk abin da na rubuta sai kin mayar min da shi da jan biro. Da kin aiko ta lafiyayya kamar ta mutane, da rana ta huɗu na karanta maganar Maharaj. Surukata tana nan, Minal tana nan. Ban ce lalle da na taho ba, ban sani ba, amma da ni zan zaɓa. Ke kika zaɓar min.

Wai shekara ashirin kina koyarwa. Tausayin yaran nake ji.

Amma tana da rai. Na zauna a matakala da farin sari ina dariya ina kuka har Kokilaben ta leƙo ta koma. Jirage a cike suke, baban Minal ya samo min kujera sai ta ranar Asabar, Lahadi da ƙarfe huɗu ina Gundala. Na rage tsinken alkama guda bakwai ban zuba a teku ba, zan soka mata a bayan kunne ta ga aikin hannunta. Ki fito mata da mayafin ta yafa, ba don ajiya na saya ba. Kada ki zo tarbata, na san hanya.

Ki taɓa min ƙafafunta, ki ce Taru ta gama, tana tafe. Wannan saƙon kaɗai ki isar ba tare da kin gyara shi ba.

Tarulata

*

Gundala,
rana ta tara

Taruben,

Jai Mataji. Ina fatan Minal tana lafiya, ina fatan fitila ta kai.

Gwaggo Kanku ta rasu jiya, rana ta takwas, da hantsi. Ba ta sha wuya ba. Maharaj ya zo, an yi komai, ban rage komai ba. Jikan ƙaninta na Gondal ne ya sa wuta. An rufe ta da mayafinki. Ban buga tangaraho ba saboda ita ta hana, ta ce kada labari ya same ki sai fitila ta cika tara.

Rana ta biyar tun azahar take zaune, na jingina ta da matasai uku. Mota ta zo, na faɗa mata masu sauka. Rana ta shida ma haka. A raina na zage ki zagin da ban san na iya ba. Na ce kin karanta kin zaɓi lasifika.

Rana ta bakwai wasiƙarki ta iso. Na karanta mata, ina tafe ina taɓe baki. Da na kai ƙarshe ta ce, "Saura."

Na ce, "Ba saura, Gwaggo."

Ta ce, "Ba ta ce a taɓa min ƙafa ba? Taru ba ta taɓa mantawa ba. Sake karanta min wurin shinkafar."

Na sake. Ta juyo da idon nan da ba ya gani ta ce, "Jasu, me kika yi?"

Na gaya mata. Har da ɗan alfahari na faɗa, ina jira ta ce na yi dabara. Sai ta kama dariya, tari ya sarƙe ta, na ba ta ruwa. Ta ce, "Kai, masu ilimi. Ke da wa kika yi shawara? Ni na koya mata. Tana shekara tara takardar mutuwar yayana ta zo a rana ta biyu, a yage. Tana tsaye tana kallo na ɗaga tukunyar shinkafa na saka, na ce mata mutuwa ba ta shiga gida sai an buɗe mata. Sai bayan Dasara na yi kukana. Yarinyar nan ba ta yar da abin da aka ba ta."

Na ce zan ruga Gondal in buga tangaraho, in ce ki taho. Ta riƙe min hannu ta ce, "Ki ɓata mata shekara tara a kan kwana biyu? Zauna. Ta riga ta yi kukana, kuma tana yin sa ita kaɗai tana rawa. Wannan ya fi zuwa wuya."

Da ƙarfe huɗu mota ta yi oda. Na buɗe baki zan fara faɗin masu sauka, ta ce, "Bar shi. Juya min gadon, hasken ƙofa yana damuna." Wata guda da rabi tana kallon hanyar nan, Taruben. Ke ba ki hana ta ba, duk rashin zuwanki. Ni na hana ta, da yatsu biyu, a gaban akwatin gidan waya.

Har yanzu ina ganin wauta ce mutum ya ɓoye takarda a ƙarƙashin shinkafa don ya yaudari sama. Har yanzu ina ganin da kin zo tun wasiƙar farko da ba a kai nan ba, kuma ba zan janye wannan ba. Amma na je gyaran gira na tsone ido, kuma tunda nake raina mutane ban taɓa raina kowa kamar yadda na raina kaina jiya ba. Ba na neman gafararki. Ke ma kada ki nemi tawa, ba mu da ita.

Za ki ga ban yage kusurwar wannan ba. Da yammacin rana ta bakwai ɗin ta tambaye ni ina guntun da na yage. Yana cikin jakata, tsakanin alli da makulli, ban san me ya hana ni yar da shi ba. Ta ce, "Ba ni. Ai nawa ne, gaggawa kawai kika yi." Ta ƙulle shi a bakin sarinta. Da muka zo yi mata wanka na kwance shi.

Ga shi nan a ciki. Ki ɗaga garwar, ki haɗa shi da waccan. Yanzu ta zama gaskiya.

Jasumati